Hayaƙin buntun shinkafa da haƙƙin maƙwabci

Tambaya: Malam, ina da injin casar shinkafa a wani gari kusa da Kura, kuma shekara da shekaru a bayan injin nake ƙona buntu. Bana na ƙaro inji na biyu, sai maƙwabcina ya kai ni ƙara wurin dagaci, wai hayaƙin ne yake tayar wa mahaifiyarsa da asma tun shigowar hunturu. Ni kuwa a nan ya tarar da ni kafin ya yi gini, kuma kowa ya san hazo ne yake sa mutane tari. Da laifi a kaina?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Haramcin cutar da maƙwabci ba abin da za mu tsaya a kansa ba ne, kai ma ka san shi. A Mukhtasar, littafin fikihun Malikiyya, Shaihu Khalil ya ambaci hayaƙi, da warin majema, da masussukar da ke fuskantar gidan mutum, cikin abubuwan da alƙali yake hanawa.

Ka fi dogara da cewa ka riga shi zuwa, amma da bakinka ka faɗi abin da ya sauya hukuncin: ka ƙaro inji. Malamanmu da suka yi rangwame kan cutar da mutum ya tarar, ya kuma yi shiru a kanta tsawon lokaci, suna magana ne kan wadda ta tsaya yadda take. Hayaƙin buntun inji ɗaya ya tarar. Na biyun sabo ne, yana da haƙƙin a ɗauke masa shi.

Akwai masu cewa mutum yana da ikon yin abin da ya ga dama a cikin mulkinsa ko da maƙwabci ya cutu, kuma an ruwaito haka daga wasu magabata waɗanda ba 'yan mazhabar Malikiyya ba. Wannan ra'ayi ba zai fisshe ka ba. Fili naka ne, to hayaƙin a filinka yake kwana? Buntu ba ya ci da wuta ya gama kamar kara. Cinyewa yake a hankali, tsibi ɗaya ya kwana biyu ko uku yana turnuƙe unguwa. Kuma a daren hunturu iska mai sanyi takan kwanta ƙasa ta danne hayaƙi, maimakon ya tashi sama sai ya bi zaure da tagogi, daidai lokacin da tsohuwa take kwance. Abin da ya ƙetare katangarka ya shiga ƙirjin wani ya fita daga batun mulki. Da wani zai buɗe majema a jikin ɗakinka ya ce ai filinsa ne, da kai ne farkon zuwa wurin dagaci.

Batun hazo gaskiya ne. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman ta wajen Chadi, mu ma nan cikin birni muna shan ta, har jirage kan kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. Wannan ba a hannunka take ba, ba za a tambaye ka ita ba. Amma ƙirjin da hazo ya riga ya gajiyar shi ne hayaƙi ya fi saurin kayarwa, don haka hazon hujja ce a kanka.

Saboda haka ƙona buntu a wurin nan bai halatta gare ka ba, matuƙar hayaƙin yana isa ga mahaifiyar maƙwabcinka. Sana'ar kanta halal ce, babu mai cewa ka rufe inji. Masu kiwon kaji suna neman buntu don shimfiɗa, masu turara shinkafa suna hura wuta da shi. Wanda ya rage a kwashe shi nesa da gidaje.

Kada ka jira zaman dagaci. Ka je da ƙafarka ka gaishe da gyatumar nan, in an kai ta asibiti ka sa hannu a kuɗin magani. Yaran da ke yi maka aiki cikin ƙaiƙayi kuma ka saya musu takunkumi, kai ma ka riƙa sawa. Wallahu a'alam.