Na bar taba, amma fushi ya hana ni zaman lafiya da iyalina

Tambaya: Likita, shekara 14 na yi ina shan taba, yau kwana tara da na bari. Barci ya ƙaurace mini, abu kaɗan sai in hau matata da faɗa, jiya har na daka wa ƙaramin ɗana tsawa don ya zubar da shayi. Wani abokina a Tsohuwar Kasuwa ya ce in riƙa zuƙar kara ɗaya idan raina ya ɓaci. Ko ƙwaƙwalwata ce ta taɓu?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, lafiyarka ƙalau. Shekara da shekaru nikotin, sinadarin da ke cikin taba, ke ingiza jikinka yana fitar da kotisol, sinadarin da ke tashi lokacin damuwa. Da ka bari sai kotisol ɗin ya faɗi, jiki ya shiga laluben ma'auninsa. Waɗanda nasu ya fi faɗuwa a kwanakin farko sun fi shan wuya, sun kuma fi saurin komawa. Tsananin yana cikin makon farko, yawanci ya lafa cikin mako 2 zuwa 4. Ka riga ka haye mafi munin wurin.

Maganar abokinka kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kullum sai wani ya zauna gabana ya ce taba ce ke kwantar masa da hankali. Wane hankali? Nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 20, ya ƙara bugun zuciya, ya ɗaga jini. Bayan awa biyu rabinsa ya bar jiki, ƙunci ya dawo, ka sake kunnawa. Sauƙin da kake ji, ƙaiƙayin da tabar ta haddasa ne take sosa maka. Kara ɗaya ɗin nan shi ke mayar da mutane kwali. Na ga wanda ya yi wata uku, aka ɓata masa rai wurin rabon gado, ya karɓi kara ɗaya a teburin mai shayi, kafin Juma'a ta zagayo ya koma gidan jiya. Kai da kake wuni da azumi cikin zafin Sakkwato ba ka zuƙa ba, minti biyar na kwaɗayi ne zai gagare ka?

Kada kuma ka bari yaron kemis ya ɗora ka kan diazepam ko tramadol da sunan maganin fushi. Shisha ma taba ce.

Rage goro da shayi mai ƙarfi, domin wanda ya bar taba, sinadarin kafeyin da ke cikinsu ya fi daɗewa a jikinsa ya hana shi barci. Idan abin ya taso, tashi ka yi alwala, ka taka zuwa bakin layi. Ka zaunar da maiɗakinka ka gaya mata abin da ke faruwa. Idan ƙuncin ya wuce wata guda, ko ka fara jin rayuwar ta ishe ka, je asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) a ranar, ka kuma tambayi likita batun filastar nikotin, wadda ake manna wa fata don rage kwaɗayin taba.