Tambaya da Amsa: Ɗakin kwana da turke a rufi ɗaya irin na Amurka, zai yi a Daura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki ya iyali. Ni mutumin Daura ne, ina da 'yar gona a hanyar Mai'aduwa inda nike turka shanu da 'yan tumaki, to ka san halin da ake ciki yanzu dole mutum ya kwana kusa da dabbobinshi ko ya aje mai gadi da iyalinshi. Yarona ya gwada mani wasu gidaje na Amurka a waya, ƙaton gini ne na ƙarfe da kwano, gefe guda dawaki da tarakta da ciyawa, gefe guda falo da ɗakunan kwana har da kicin, duk rufi ɗaya, kuma wai ya fi ginin bulo sauri. Wallahi abin ya burge ni har na fara magana da mai walda. In na kwafo shi yadda yake zai yi a nan? Daga wani Alhaji a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kiwo albarka. Ka ɗan dakatar da mai waldan nan tukuna, don in ka kwafo hoton nan yadda yake to watan Afrilu na farko za ka kwashe katifa ka koma gindin bedi.

Su kansu Amurkawan ba iri ɗaya suke gina shi ba ai. Wanda ke jihar Minnesota can arewa damuwarshi dusar ƙanƙara ce, shi ya sa za ka ga rufin ya yi tsini sosai don ta riƙa zamewa kar nauyinta ya karya ƙarfen, kuma sai sun haƙa fandisho ya wuce inda ƙasa ke daskarewa da sanyi. Wanda ke Texas ko Florida kuma zafi ne da gumi da guguwa, shi nashi kuɗin a ɗaure rufi da sanyaya ɗaki yake tafiya. Abin da hoto ba ya nuna maka shi ne bayan kwanon nan akwai wani abu mai kauri kamar soso ko audugar gilashi da suke shimfiɗawa ko su fesa a bango da rufi gaba ɗaya, sannan ga esi yana aiki ba dare ba rana da wutar da ba ta cika ɗaukewa ba. Cire waɗannan biyun, abin da ya rage maka tanda ce ta ƙarfe. Haka tsofaffin gidajen manoma na Jamus da Suwizalan da ake kwana da shanu a gini ɗaya, sanyi ne ya haɗa su, ɗumin jikin dabba yana taimaka wa gidan. Mu kuwa da muke ganin digiri 40 har ya wuce daga Maris zuwa Mayu me za mu yi da ɗumin sa?

Amma dabarar kanta ba laifi, rufi ɗaya ya rufe mutum da kaya da dabba, ana rage kuɗin gini kuma ido yana kan dukiya. Sai dai a yi ta da hankalin nan gida.

Ka bar ƙarfe da kwano su zama rumfa kawai, wato ƙatuwar inuwa mai tsayi a kan ginshiƙai, ɓangaren dabbobi a bar shi buɗe, katanga iya ƙirji ta isa, sama iska na wucewa. Ɗakunan mutane kuma a gina su a ƙarƙashin rumfar da bango mai kauri, bulo inci tara ko jan bulo, in ma da magini na ƙwarai a kusa to tubalin ƙasa ya fi su duka sanyi, kuma tunda rumfa ta kare shi daga ruwa ka huta da yaɓe duk shekara. Dalili shi ne garinmu da rana ƙuna da asuba sanyi, bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali sai dare ya yi yake sakinshi, da hunturu ma haka yake riƙe ɗumi. Shiga tsohon zaure na soro a cikin Daura ko Katsina da azahar ka taɓa bangon ka ji, magabata da suka yi azara da ɗaurin guga ba rashin wayewa ba ne. Ɗakin ya samu silin nashi, a bar sarari tsakaninshi da kwano kamar mita ɗaya, a buɗe gefe da gefe a sa raga saboda jemage da tsuntsaye, zafin da kwano ya tara sai ya fice ta can. Kuma don Allah ka sayi kwano mai haske, fari ko ruwan madara. Wannan yayin baƙin rufi da ya shigo unguwannin sabbin gini ni dai har yau ban gane hikimarshi ba a ƙasar da rana ke dukan mutum haka.

Fuskar ginin ma abin lura ce tun kafin a ja igiya. Tsawonshi ya miƙe daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa, bangon gabas da na yamma su zama gajeru. Ranar yamma ita ce muguwar, don haka ka sa sito a yammacin ɗakunan kwana ya tare ta, dabbobi kuma su biyo bayan siton, ka ga ya zama katanga tsakaninku da su ke nan. Wannan ya yi daidai da iska ma, don da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙurarta, da damina kuma daga kudu maso yamma, to in turken ya ɗan karkata arewa maso yamma warin ba zai riƙa bi ta kanku ba yawancin shekara. Tagogin arewa su zama masu rufuwa ruf saboda ƙura.

Sai hadarin farkon damina, wanda kowa ya san daga gabas yake tasowa da iska kafin ruwa, shi ne mai yaye kwano a Mayu da Yuni. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe iska na shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta sama, don haka kar ka yarda a dasa fayif a ƙasa kawai a zuba ɗan kankare a ce an gama, kowane ginshiƙi a ɗaure shi da fandishonshi da ƙusoshi masu noti, kwanon a kama shi da sukuru ba ƙusa ba, musamman baki baki da kusurwoyi. Nan ne wurin da za ka biya injiniya ya yi lissafi, mai walda komai ƙwarewarshi ƙiyasi yake. Rufi mai tsini irin na ƙanƙara kuwa asarar kwano ce a Daura, matsakaicin gangare ya wadatar, ka sa gota da tanki ka tari ruwan Agusta. Da a Funtua ne inda ruwa ya fi yawa da na ce ka ƙara tsawon baki ka ɗaga daɓe, da a Fatakwal ne kuma maganar tsatsa da laima za mu yi ta yi, a Jos ko Mambila kuwa sai mun rage tagogi.

Abin da ya fi damuna a tsarin nan ba zafi ba ne ma, wuta ce da guba. Harawa da karmami busassu suna rufi ɗaya da murhu, tartsatsi ɗaya ya isa. Bangon da ya raba mutane da sito ya hau har ya taɓo kwano, ba ƙofa ba taga a jikinshi, kowa da ƙofarshi ta waje, kicin kuma a can ƙarshen gabas ko ma a fitar da shi tsakar gida. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhun wake da masara hayaƙi take fitarwa mai kisa, ana rasa rayuka a dalilinta, kar a taɓa amfani da ita a siton da ke manne da wurin kwana, ka nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda ba ya buƙatar magani. Janareta ma waje, nesa da taga. Daɓen turke ya gangara ya bar gidan, taki a kwashe kullum a tara can gefe, rijiya ko burtsatse kuma a nisanta ta da turke da shadda kamar mita 30, kuma a samu ta sama da gangaren. Tarin fuka da bakkale, ciwon nan da ke sa shanu ɓari, suna iya tsallakowa daga shanu zuwa mutum, shi ya sa yara ba za su yi wurin wasa da turke ba kuma madara sai an tafasa.

In iyali za ka kai ba mai gadi kaɗai ba, ka tuna gidan Bature ba ruwanshi da zaure, kai kuwa masu sayen sa da dillalai za su riƙa shigowa, to ka fitar wa ɓangaren mata da katangarsu da ƙofarsu daban tun a zane. Bedi kuma ka dasa layi guda a yamma da gabas wannan daminar tun kafin a kawo bulo, ka ba shi tazarar mita biyar zuwa shida daga fandisho saboda saiwa.