Ga maman da aka kori ɗanta daga kwaleji

Ƴar'uwa, sau uku na karanta tambayarki, gabana na faɗuwa. Kin ce yaronki ɗan shekara 15 ya maimaita aji, an kore shi, yanzu a fadar samari yake kwana, kina tambaya ki tilasta masa komawa lakwal ko ki bar shi ya kama kabu-kabu. Wallahi kamar labarina kika ba da.

Nawa saura aji ɗaya ya kai ga BEPC, jarrabawar gama kwaleji, aka sallame shi. Na ce ba komai, ai masu BAC ma ga su nan zaune. Maganar nan har yau tana cin raina. Wata huɗu kacal tsakanin ajiye jakarsa da ranar da aka kira ni komisariya.

Wani mai sayar da fetur a bakin hanya ne ya jawo shi, wai taimakonmu yake. Shi ke aika shi hanyar Ɗan Issa, can bakin iyakar Najeriya, da jarkoki, shi ya fara ba shi tramol don kar ya ji gajiya. Da aka kama yaron a kan babur ɗin da aka ce na sata ne, mutumin nan ya dube ni ido da ido ya ce bai san shi ba. Mutumin da ya ci tuwon suna a gidana! Na tarar da ɗana zaune a ƙasa ba takalmi, rigarsa ta sallah ta yage a kafaɗa, ya kasa ɗaga kai. Na miƙa masa fura, hannunsa na rawa har ta zube. Ban yafe wa mutumin nan ba, Allah zai saka mana.

Ki adana takardar haihuwarsa, don Allah. Ita ta nuna nawa bai kai 18 ba, aka kai shi gaban alƙalin yara.

Ni dai shawarata ya koma karatu, ko da kuka. Cikin abokansa na unguwa, waɗanda suka tsaya har lise ba wanda na ji an kama, don ba su da lokacin zaman banza. Ki je wurin direkta, ki nemi ƴan COGES, kwamitin kula da makaranta, su sa baki. In abin ya ƙi, akwai makarantun kuɗi, kuma ana iya zana BEPC daga waje. In kansa ya fita daga boko gaba ɗaya, ki kai shi CFM, cibiyar koyon sana'a, ya koyi walda ko kanikanci, amma kar ya yi ko wata guda a zaune.

Kuma babansa ya daina dukansa gaban mutane, namu duka ne ya ƙara kora shi waje. Ki riƙa laluba aljihunsa in za ki yi wanki. Babur kuwa, kar ya karɓi na kowa sai kin ga takardunsa da idonki.

Nawa yana walda yanzu a Sabon Gari, da dare ƙanwarsa na yi masa bitar lissafi. Naki a wane aji aka tsayar da shi? Ki yi mini magana ta gefe, zan raka ki wurin direktan.