Amsa game da Jeong Mong-ju da daular Joseon

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa daular Joseon ta Koriya ta girmama Jeong Mong-ju, alhali shi ne ya tsaya kai da fata don hana kafuwarta.

Wannan malami ya zo na ɗaya a jarrabawar shiga aikin sarauta a 1360, kuma da farko ya mara wa Janar Yi Seong-gye (wanda ya kafa Joseon daga bisani) baya, har suka naɗa Sarki Gongyang a 1389. Sun raba gari ne lokacin da ya gane cewa ana shirin kawar da gidan sarautar Goryeo, mai mulkin Koriya a lokacin, ɗungurungum. A 1392, yana dawowa daga gaida Janar ɗin, wanda ya faɗo daga doki, mutanen Yi Bang-won, ɗan Janar ɗin, suka tare shi suka kashe shi, a gadar Seonjuk ta Kaesong kamar yadda aka fi ruwaitowa.

A ganina, da Yi Bang-won ya hau karagar Joseon, sai ya ga yana bukatar fadawa masu irin wannan amana, shi ya sa ya ba mamacin muƙamin babban waziri a 1401. A 1517 kuma aka sanya sunansa a haikalin ƙasa na girmama Konfushiyas, masanin falsafar nan na Sin.