Amsa ga 'yar uwar da ke son fara ba wa jaririyarta jus ɗin gida

Assalamu alaikum 'yar uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki. Kin ce ɗiyarki ta cika wata bakwai, kin sayi blenda, kina so ki fara haɗa mata jus na karas da lemo da tuffa, kina tambayar yawan da za ki ba ta, da ko za a iya sa zuma, da ko a fida za ki zuba. Ni ba likita ba ce, uwa ce mai 'ya'ya uku, duk a nan Agege na goye su, kuma batun nan ya taɓa ƙona ni.

In za ki bi tawa, ki ajiye maganar jus sai ta cika shekara. Kayan marmarin kam ki ba ta, amma ki ba ta su da tsokarsu, kada ki tace.

Babban yarona yana wata biyar aka shiga zafin nan na Legas na wajen Maris, wanda ko kana zaune gumi ke tsiyaya. Wata maƙwabciyata, da kyakkyawar niyya wallahi, ta ce yaron ƙishi yake ji, in riƙa matsa masa lemo. Na matsa, na tace, na ƙara ruwa, na zuba a fida. Ya karɓa da murna, ni ma ina ta jin daɗi. Ba a yi sati biyu ba ya rage kama nono, kashinsa ya koma ruwa, ɗuwawunsa ya saɓe har ba ya son a taɓa shi. Kowa ya ce haƙori ne. Sai da muka je awo aka ga nauyinsa bai motsa daga na watan baya ba. Nas ɗin ta tambaye ni me yake sha bayan nono, ina faɗa mata ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce cikin jariri bai wuce ɗan ƙaramin kofin shayi ba, in na cika shi da ruwan zaƙi, ina nono zai shiga? Har yau ina jin maganar nan a raina.

Daga baya na fahimci abin da ke faruwa. Tuƙar nan da muke zubarwa a rariya ita ce ke hana sukarin shiga jiki a lokaci guda, ita ce kuma ke gyara bayan gida. In kin cire ta, ruwa da sukari ne suka fi yawa a abin da ya rage, ko da ba ki ƙara ko ƙwayar sukari ba. Ki lissafa ma, lemo uku ko huɗu ake matsawa kafin kofi ya cika. Wane jariri ne zai zauna ya cinye lemo uku? Tuffa kuma tana da wani irin zaƙi da hanjin yaro ba ya iya tsotse shi duka, sai ya jawo ruwa cikin hanjin, shi ne gudawar da kumburin ciki. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2017 ta ce kada a ba wa yaro jus kafin wata 12, na kanti ne ko na gida. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce nono zalla wata shida, sannan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

Da na haifi auta sai na canza hanya. Tana cika wata shida na fara da gwanda nunanniya, in kankaro da cokali in murƙushe, cokali biyu zuwa uku, sau biyu a rana. Sai ayaba, sai piya, wadda ta fi su riƙe ciki saboda mai gare ta. Lokacin mangwaro in ba ta mangwaro marar zare. Kankana in cire 'ya'yan tas in dandaƙa. Karas kuwa ban taɓa ba ta ɗanye ba, dafa shi nake sai ya yi luguf, in haɗa da kabewa ko dankalin Hausa da ɗan manja. Duk sabon abu sai in bar kwana biyu ko uku kafin in kawo wani, don in wani abu ya fito mata a jiki in san mai laifin. Lemo yana da amfani guda da ban raina ba: yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganye. Don haka ranar da na yi mata faten wake ko alale, sai in ɓare ɓari biyu, in cire fatar da 'ya'yan, in ba ta bayan ta ci.

Jus ɗin ganye ɗanye shi na fi tsoro. Alayyahu da karas da makamantansu suna ɗauko wani sinadari daga ƙasa da taki, wanda in ya yi yawa a jikin ƙaramin jariri yakan hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata, kuma haɗarin yana ƙaruwa in an niƙa an ajiye. Ki dafa ganyen, ki sa kaɗan a fate ko kunu, a ci nan take.

Zuma kam a'a, ko ɗigo, sai ta shekara. Na san wannan yana da wuyar faɗa wa manya, domin mun tashi mun ga ana lasa wa jarirai, ni ma sai da maigidana ya sa baki kafin Hajiyarsa ta haƙura. Ba a ce zuma ba ta da albarka ba. Akwai wata ƙwayar cuta da kan kwanta a cikinta, hanjin babba yana fin ƙarfinta, na jariri bai kai ba, tana iya sa jikinsa ya saki har numfashi ya gagara. Tafasawar gida ba ta kashe ta. In zaƙi kike nema, ayaba ta isa.

Sai maganar ruwa, wadda mu mazauna Legas ba za mu yi wasa da ita ba. Kin tuna kwalarar da ta ɓarke a 2024, har hukumomin lafiya na jiha suka danganta wani ɓangare nata da kunun ayar da ake sayarwa ba rajista. Yawancinmu ruwan burtsatse ko na 'yan garuwa muke amfani da shi. Duk ruwan da zai shiga bakinta ki tafasa. Kayan da aka sayo daga kasuwar Mile 12 ko ta Ketu sun sha hanya, sun sha hannu, ki wanke bawon sosai kafin wuƙa ta taɓa shi. Yankakkiyar kankana da abarba ta cikin leda ko tire, ki bar wa manya. Ki riƙa kwance ƙasan blendar kina wankewa, ƙarƙashin wuƙar nan datti ke maƙalewa. Kada kuma ki dogara da firji, kin san yadda ake ɗauke wuta, abin da kika haɗa da safe zuwa azahar ya fara tsami ba ki sani ba.

In Allah ya kai ta shekara kina son ba ta jus, rabin kofi ya isa a wuni, wajen mililita 120, a buɗaɗɗen kofi, tare da abinci. Ban da fida, ban da lokacin barci. Babban nawa na koma ba shi a fida da ya fara tafiya, yana yawo da ita yana tsotsa, haƙoransa na gaba na sama suka yi baƙi suka gutsure kafin ya shiga makaranta. Na ɗiyata na biyu da na auta lafiya lau.

In kuma kin riga kin fara ba ta har cikinta ya ɓaci, ki tsayar, ki yawaita nono, ki nemi ORS, wato haɗin ruwan gishiri da sukari, da maganin zinc a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ke. Kin ga ta daina fitsari, ko maɗigarta ta faɗa, ko tana ƙin kama nono, ko jini a kashi, kada ki jira gari ya waye.

Blendarki ba ta yi asara ba. Da ita nake markaɗa waken alale da gyaɗar kunu, da ita nake laushe kifi da kabewa. Amma kada ki daɗe kina yi mata komai sumul, daga wata takwas zuwa tara ki koma murƙushewa da cokali mai yatsu don ta koyi tauna. Ki gwada gwanda gobe da hantsi bayan ta sha nono, in kin ga yadda ta karɓa ki dawo ki faɗa mana. Allah ya raya mana ita.