Amsa ga ɗiyata kan wankan jego

Ɗiyata, kin tambaya ko dole ne ki zo gida Maradi wanka, tunda wannan ce haihuwarki ta fari, kuma kin ji ana cewa kunun kanwa yana da illa. Ki zo. Goyon ciki a gaban iyaye ake yin sa, galibi daga wata 7, don mai jego ta samu mai ɗauke mata daka da girki har ta yi arba'in. Hutun nan shi ne asalin al'adar.

Wanka sau biyu ne, safe da maraice, kwana 40. A tafasa ruwa a babbar tukunya, a juye, a sirka har gwiwar hannu ta iya jurewa. A ɗaure ganyen bedi ko runhu ko tsamiya, a riƙa tsomawa ana fyaɗawa a baya da ƙugu da cinyoyi. Masu cewa sai ruwa ya kusa sale fata jiki ke gasuwa, ƙuna suke jawowa. Idan aiki aka yi miki aka ciro ɗan, ganye ba ya taɓa ɗinki sai likita ya ba da izini.

Itace da gero da kayan yaji da ƙafafun sa na ƙauri, daga gidan mijinki suke fitowa. Su iso kafin haihuwa, don rashinsu kan haddasa ƙananan maganganu tsakanin surukai.

Batun kanwa kuwa, abin da kika ji gaskiya ne. Aikin gishiri take yi, tana tara ruwa a jiki. Idan ta haɗu da ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta, zuciya sai ta gaza, likitocin Zariya sun bayyana haka tun shekarun 1970. Balle a zafinmu na Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40. A dama miki kunun gero da citta da kanumfari da masoro, kanwa ɗan ƙanƙane ko ma a bar ta, nono zai zo. Ki ba jariri dakashi, kada kowa ya ce ki matse ki zubar.

In ƙafa ta kumbura, ko kina haki, ko tari ya hana ki kwanciya, ko jini ya ƙi raguwa, a dakatar da wanka a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya cewa sanyi ne ya shige ki a ƙara wuta.

Gwaggonki ce.