Filin Amsa: Motar Haɗa-da-Kanka, Daga Akwati Zuwa Titi

Wasiƙun wannan wata sun taru ne a kan motar haɗa-da-kanka, wadda kamfani ke sayar maka gunduwa-gunduwa, shasi daban, bodi daban, kai kuma ka ɗaure ta a garejinka. Tawa ƙirar Seven ce, kujera biyu, ba rufi ba ƙofa, da injin Mazda MX-5 a cikinta. Don haka idan kuka ga amsoshina sun karkata can, kun san dalili.

Tambaya: Malam, ni makanike ne, ban daɗe da gama koyon aiki ba. Wani abokina ya ce idan na haɗa mota da kaina za ta fi sauƙin kuɗi a kan in sayi ta hannu. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanena, abokinka ya makara da sama da shekara hamsin. An yi zamanin da maganarsa gaskiya ce. A 1957 Colin Chapman ya fitar da Lotus Seven a Ingila, lokacin da gwamnati ke karɓar haraji mai nauyi a kan sabuwar mota cikakkiya, amma ba ta karɓa idan kayan gyara ne ka saya. Sai kamfanin ya riƙa sayar da motar a warware. Tsofaffin harkar har yau suna ba da labarin cewa tunda doka ta hana a haɗa wa mai saye da takardar yadda ake ɗaurewa, sai aka riƙa ba shi ta yadda ake kwancewa, shi kuma ya bi ta daga ƙarshe zuwa farko. A 1973 sabon haraji na VAT ya shigo ya toshe wannan kafa. A shekarar ce kuma Lotus ya sayar wa kamfanin Caterham da haƙƙin ƙera motar, kuma har gobe su ke yin ta.

Yanzu kuwa kuɗin da ka gani a tallar kamfani mafarin kashe kuɗi ne kawai. Akwai inji da giyabos, tayoyi, kujeru, fitilu, fenti, kuɗin gwaji da rajista. Manyan nan ma ba su ne ke cinye aljihu ba, ƙananan ne: noti, tiyo, wayoyi, maƙalai, safana ɗaya da za ka saya don kusa guda tak. Duk lissafin da ka rubuta, ƙara masa rabinsa. Idan motar zuwa aiki kake nema, sayi ta hannu ka huta.

Idan kuma sha'awa ce, hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda ake kira Locost, da ta yaɗu tun shekarun 1990: ka yanka bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, galibi na milimita 25, ka yi waldar shasin da hannunka, sauran kaya ka ciro daga tsohuwar mota. Da can Ford Escort ake farkewa, sannan Ford Sierra, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993. Su kuma sun yi wuya, shi ya sa aka koma kan MX-5, mai jan baya, wadda ake yi tun 1989. Amma ka duba kanka da gaskiya. Iya gyaran inji daban, iya waldar da za ka ɗora ranka a kai daban.

Tambaya: Na ga wani yana sayar da motar da ya fara haɗawa bai gama ba. Ya ce saura kaɗan, wayarin ne kawai da 'yan ƙananan abubuwa. Ta kwashe shekaru a rufe. Kuɗin ya yi mini daɗi ƙwarai. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, "saura wayarin kawai" na cikin maganganun da suka fi tsada a wannan harka. Mota tana kama da mota tun aikin bai kai rabi ba. Da an sa tayoyi an ɗora bodi, sai ido ya ce an gama. Abin da ya rage shi ne mai cin rai: wayarin, bututun birki, layin mai, saita tayoyi, da gyara duk abin da mai gwaji zai ƙi. Mutane da yawa a daidai nan suke gajiya.

Ban ce kada ka saya ba, ana dacewa a irin wannan ciniki. Amma ka fara da takardu kafin ƙarfe. Ina rasit ɗin kamfanin da ya ƙera shasin? Ina takardun motar da aka farke? Lambar injin ta dace da abin da ke rubuce? Akwai hotunan aikin mataki-mataki? Mota marar tarihi tana iya tashi lafiya lau, amma ta ƙi samun lamba.

Sannan ka ɗauka cewa duk wata roba da ke jikinta ta mutu: tiyon lagireto, tiyon mai, robobin birki, bel ɗin inji. Tayoyin ko da ba su taɓa taka titi ba, duba lambobi huɗu da ke gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi su. Wayarin da wani ya fara ya bari, ni dai ban yarda a ɗora a kai ba. Cire shi gaba ɗaya ka sake ya fi sauri a kan ka zauna kana ƙoƙarin gano abin da ke zuciyar mutumin da ya haɗa jar waya da wata jar waya shekara takwas da suka wuce.

Amma tambayar da ta fi duk waɗannan ita ce: akwai mutanen da ke tuƙa irinta yanzu, kuma suna haɗuwa? Kamfanonin wannan sana'a ƙanana ne, suna tasowa suna mutuwa. Ko Westfield, da ke aiki tun farkon shekarun 1980, sai da ya durƙushe a 2022 kafin wasu su saye shi. Masu motocinsa ba su shiga uku ba, domin suna da yawa, suna da ƙungiya, kuma a cikinsu akwai wanda ya san kowace kusa daga jikin wace mota aka samo ta. Wanda ya sayi ƙirar da guda talatin kawai aka taɓa yi, ranar da gilashinsa ya fashe zai gane kurensa. Saboda haka nemi ƙungiyar masu irin motar tukuna, ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya raka ka. A minti goma zai ga abin da kai ba za ka gani ba a wata guda. Idan mai sayarwa ya ƙi a zo da wani, ko ya ce ka tura kuɗi bisa hoto, cinikin biri a sama ne, bar masa kayansa.

Tambaya: Ni mace ce, ban taɓa canza ko da baƙin mai ba, amma abin yana burge ni tun ina yarinya. Tsorona kada in je taron masu irin motocin nan a mayar da ni abin dariya.

Amsa: Malama, je ki. Mafi yawan waɗanda za ki tarar ba makanikai ba ne. A cikin waɗanda muke haɗuwa akwai malamin makaranta, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai dattijon da ya yi ritaya yana neman abin da zai fitar da shi daga falo. Ba zan ce miki babu mai ɗaga hanci ba, kowace ƙungiya tana da nata. Sai dai mai motar haɗa-da-kanka yana da rauni guda: tambaye shi yadda ya yi abu kaza, ki ga ko za ki samu tafiya kafin awa ɗaya.

Amfanin ƙungiya ya wuce hira. Ƙugiyar ɗaga inji sau biyu ko uku za ki buƙace ta, don haka guda ɗaya ke yawo gida-gida. Haka sikelin auna nauyin kowace taya. Ranar da aka saka injina, mutum uku ne suka zo, ɗaya yana sauke ƙugiya, ɗaya yana karkata giyabos, ni kuma ina kwance a ƙasa ina cewa a dakata. Ladabin abin shi ne ki mayar da kayan aro a goge kuma a kan lokaci, ki karanta littafin haɗawa kafin ki yi tambaya, sannan ranar da aka kira ki riƙe fitila a garejin wani, ki je.

Za ki kuma tarar da gardama da ba ta ƙarewa. Masu Caterham na cewa tasu ce ta asali. Masu injin babur na yi wa masu injin mota dariyar nauyi, su kuma su tambaye su ina giyar baya. Ki saurara, kada ki ɗauki ɓangare da wuri.

Shawarata ta zahiri: kafin ki biya ko sisi, ki zauna a cikin motoci da yawa. Manyan tarukan baje koli, irin wanda a da aka daɗe ana yi a Stoneleigh ta Ingila, amfaninsu ke nan. Ƙirar Seven matsattsiya ce, wurin ƙafa ma sai da siririn takalmi, in ba haka ba ki taka birki da totur tare. Saboda dogaye da masu jiki ne Caterham ya fito da shasi mai faɗi da ake kira SV. Tunda kuma ba ki da gogewa, ki nemi wadda ke zuwa da komai sabo a akwati, ba walda, ba farke tsohuwar mota. Wannan aikin safana ne da haƙuri, kuma za ki iya.

Tambaya: Na kusa gamawa. Me masu gwajin gwamnati suka fi kamawa?

Amsa: Kowace ƙasa da dokarta, kuma ya kamata a karanta ta tun kafin a ɗaure noti na farko. A jihar Kalifoniya ta Amurka, misali, akwai tsarin SB100 da ke ba irin waɗannan motoci 500 kacal sassaucin gwajin hayaƙi a shekara. Gwajin da Birtaniya ke yi wa irin waɗannan motoci shi ne IVA, wanda ya maye gurbin na da mai suna SVA a 2009, kuma littafinsa ya cancanci karatu ko ba a can kake ba, domin yana koya maka kallon mota da idon wanda za ta buge.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne kaifi, ba inji ba. Mai gwaji yana gara wata ƙwallo mai faɗin milimita 100 a jikin motar, duk gefen da ta taɓa dole ya zama a dakushe, lanƙwasarsa ba ta gaza milimita 2.5 ba. Shi ya sa za ka ga an sa wa kan noti hular roba. Sai birki: kada na baya ya riga na gaba kamewa. Sai ƙarar salansa, da ba a so ta wuce desibel 99. Sai agogon gudu, wanda ba a yarda ya nuna ƙasa da gudun da kake yi ba. Sai waya ko bututun mai da ke lilo yana gogar ƙarfe.

Lamba kuma takardu ne ke yanke ta. A Birtaniya, idan komai sabo ne, ko abu ɗaya ne kawai aka sabunta, za a ba ka lambar sabuwar mota. Idan sabon shasi ne da manyan sassa biyu daga mota guda mai takardu, sai a ba ka lambar shekarunta. In ba ka da hujja, lambar da ta fara da harafin Q, wadda ke nuna ba a tabbatar da shekarun motar ba, ita ce rabonka. Kafin ranar gwaji, gayyaci wanda ya taɓa faɗuwa ya zo ya zagaya motarka. Ya fi wanda ya ci a karon farko amfani.

Tambaya: Ina so in ɗora bodin Ferrari a kan Toyota MR2, in manna tambarin dokin. Akwai matsala?

Amsa: Akwai. Tambarin mallakar kamfani ne, kuma Ferrari ya sha kai masu kwaikwayon motocinsa kotu. Ban da haka, da ka tayar da inji duk wanda ya san mota ya gane. Gyara MR2 ɗinka ta yi kyau a matsayinta, mota ce mai daɗin tuƙi.

Tambaya: An ba ni lamba, alhamdu lillahi. Amma fitata ta farko ta ba ni tsoro, da na taka totur a kwana sai bayan motar ya nemi wuce gabanta. Wani abu ne ya lalace?

Amsa: Barka da arziki, Alhaji. Mai yiwuwa babu abin da ya lalace. Motarka ba ta wuce kilo 500 zuwa 600 ba, kusan rabin nauyin ƙaramar motar gida, ƙarfin kuma tayoyin baya yake tafiya, kuma babu kwamfutar da za ta rage maka mai idan taya ta zame. Motar zamani tana rufa wa direba asiri sau da yawa bai ma sani ba. Wannan duk abin da ƙafarka ta ce shi take yi. Ka shiga kwana a hankali, sai sitiyari ya fara miƙewa sannan ka ƙara mai. Idan titi ya jiƙe ko tayoyi ba su ɗumama ba, ka ninka hattara.

Duk da haka, duba abu biyu. Na farko iskar taya. Mutane na hura ta kamar ta motar gida, alhali mai wannan nauyi wajen 18 zuwa 20 take so a ma'aunin psi, gwargwadon tayar. Na biyu, a saita tayoyin huɗu a kuma daidaita nauyin kowace kusurwa kana zaune a ciki, domin a mota mai sauƙi haka nauyin direba ba ƙaramin abu ba ne. Idan ƙungiyarku tana shirya ranar filin tsere, je ka koyi inda motar ke zamewa a wurin da babu mai tahowa ta gabanka.

A titi kuwa ka ɗauka babu mai ganinka. Kanka bai kai tsayin tayar tirela ba, don haka kada ka jera da babbar mota, ko ka wuce ko ka ja baya. Sa tabarau ko hular kwano saboda tsakuwa, sa abin toshe kunne a doguwar tafiya, kuma gargaɗi fasinja game da salansar gefe kafin ya sauko da ƙafa. Bayan 'yan fitocin farko, ɗaga motar a bi duk notin ƙafafu da na sitiyari da na birki da safanar awo. Wanda aka tabbatar, a ja masa layin fenti daga kan notin zuwa ƙarfen da yake zaune a kai, yadda in ya motsa za ka gani tun kafin ka ji shi a hanya.